Abin Da Ya Kamata Mutanen Tambuwal Da Kebbe Su Tambayi Mai Neman Ƙuri'arsu

Yau muna so mu ɗauko wata magana wadda lokacinta ya yi. A watan Oktoba na 2025, Abdussamad Dasuki, wanda mutanen Kebbe da Tambuwal suka zaɓa a 2023 ya wakilce su a Majalisar Wakilai ta Tarayya, ya ba da sanarwa cewa ba zai sake neman kujerar ba a zaɓen 2027, domin a cewarsa ya kamata a ba matasa wuri. To, duk sa'ad da aka ce kujera za ta zama babu kowa, masu sonta kan yi yawa, kowanne kuwa da irin bayanin da zai kawo a kan tattalin arziki, da tsadar abinci, da noma, da zaman lafiya. Saboda haka muka ga ya kyautu jama'a su tanadi mudun da za su auna maganar kowa da shi. Mudun da ya fi kusa da hannu kuwa shi ne labarin ɗan wannan ƙasa wanda ya fi kowa yawan tsayawa takara a cikinta, watau Aminu Waziri Tambuwal. Za mu bi ra'ayoyinsa a kan arzikin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda suka tsaya da inda suka juya, sa'an nan mu ga abin da ya isa ga talaka. Ba yabo ko zargi ya kawo mu ba, abin da mu ke nema darasi ne wanda zai yi amfani ga duk wanda zai zo bayansa.

Da farko sai mu san ƙasar da a ke magana a kanta. Tambuwal tsohon gari ne mai asali, wanda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna ya riƙe a farkon zamanin daular Sakkwato. Yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Bodinga da Shagari ta nufi Aliero da Jega, saboda haka fatauci ba baƙo ba ne a wurin mutanensa. Kebbe kuwa tana kudu da ita, cikin kwarin Gulbin Zamfara, tsakanin Gummi ta Jihar Zamfara da Jega ta Jihar Kebbi. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da dubu 220 a ƙaramar hukumar Tambuwal, kimanin dubu 124 kuma a ta Kebbe, ko da ya ke Kebbe ta fi faɗin ƙasa. Sana'ar mafi yawan jama'a noma ne da kiwo: gero da dawa da wake da damina, shinkafa da albasa da tattasai a fadama da rani, ga kuma su a gulbi. Wanda duk ya san wannan ya san cewa tattalin arziki a nan ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. Abu huɗu ne: kuɗin taki, da kuɗin man da injin ban ruwa zai sha, da hanyar da za a fitar da amfanin gona, da kuma ko mutum zai iya zuwa gonarsa ya komo lafiya.

Shi Aminu Waziri an haife shi a Tambuwal a 1966, ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2003 ya ci kujerar Kebbe da Tambuwal a jam'iyyar ANPP, ya riƙe ta shekara 12. A watan Yuni na 2011, yana cikin PDP, 'yan majalisa suka zaɓe shi shugabansu, alhali jam'iyyarsa ta tsai da wata daban. A Oktoba 2014 ya koma APC, ya ci gwamnan Sakkwato a 2015. A 2018 ya sake komawa PDP, ya nemi ta tsai da shi takarar shugaban ƙasa a Fatakwal, Atiku Abubakar ya rinjaye shi. A 2019 ya sake cin gwamna da ratar ƙuri'a 342 tak tsakaninsa da Ahmed Aliyu, bayan an yi zaɓen cike gurbi. A Mayu 2022 ya janye wa Atiku a filin taron jam'iyya a Abuja, daga baya aka naɗa shi babban daraktan yaƙin neman zaɓensa. A 2023 kuma aka zaɓe shi Sanatan Sakkwato ta Kudu, mazaɓar da ta haɗa Bodinga, Dange Shuni, Tureta, Yabo, Shagari, Tambuwal da Kebbe. Mutumin da ya zauna kujeru masu yawa haka, ya faɗi ra'ayinsa daga kowace kujera, shi ya sa labarinsa ya ke da amfani ga mai son ya gane halin siyasa.

Maganar Man Fetur

Ran 1 ga Janairu 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Ƙasa ta ɗauki zafi, ƙungiyoyin ma'aikata suka kira yajin aiki. Majalisar Wakilai a ƙarƙashin Aminu Waziri ta katse hutunta, ta zauna ran Lahadi 8 ga wata, ta nemi gwamnati ta dakatar da wannan mataki. A ƙarshe aka daidaita a kan naira 97. Majalisar ta kuma kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Farouk Lawan, wanda ya tono yadda a ke biyan 'yan kasuwa kuɗin man da ba su shigo da shi ba, ko da ya ke shi kansa shugaban kwamitin daga baya kotu ta same shi da laifin karɓar rashawa a cikin wannan aiki. A lokacin nan talakawa sun ga majalisa ta tsaya musu, sunan shugabanta kuwa ya ɗaukaka a ko'ina cikin Nijeriya.

Shekara 11 bayan haka, a zaɓen 2023, manyan 'yan takara uku, Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, duk sun yi alkawarin janye tallafin nan. Watau ke nan ɗan takarar da Aminu Waziri ya ke jagorantar yaƙin neman zaɓensa yana ɗauke da ra'ayin da majalisarsa ta ƙi a 2012. Tinubu ya ci, ran 29 ga Mayu 2023 ya ce tallafi ya ƙare. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024, bisa ga lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Atiku ya ce da shi ne ya ci, da sannu-sannu zai bi da abin, kuma wannan magana ce da a ke iya saurara. Amma abin lura ga mai ƙuri'a shi ne, a kan asalin maganar ba su saɓa ba, a kan hanya kaɗai suka saɓa.

Ina wannan ya bar manomin fadamar Kuchi ko na Dogon Daji? Noman rani a wannan yanki ya dogara ga ƙaramin inji mai shan fetur, wanda ke jawo ruwa daga gulbi ko rijiyar burtsatse. Shinkafa na son ruwa a kai a kai har ta nuna, albasa ma haka. Da man ya ninka sau biyar, kuɗin ban ruwa ya ninka, kuɗin motar da za ta kai buhu Jega ko Sakkwato ya ninka, taki ma ya bi sahu domin darajar naira ta faɗi. Masu hali suka mai da injinsu mai aiki da gas, waɗansu suka sayi mai aiki da hasken rana, marasa hali kuwa suka rage faɗin gona. Sa'an nan a Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da hatsi na wani lokaci domin ta sauƙaƙa wa masu saye, a 2025 farashin shinkafa da masara ya faɗi ƙwarai. Mutumin birni ya ɗan sami numfashi, amma manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da amfaninsa da araha, ya ga uwar kuɗinsa ma da ƙyar ta komo. Duk ɗan takarar da ya zo ya ce zai karya farashin abinci kuma zai wadata manomi a lokaci guda, sai a tambaye shi ta wace hanya, domin abu biyu ne masu jan juna, ba su haɗuwa sai an rage wa manomi kuɗin da ya ke kashewa kafin girbi.

Kuɗin Ƙaramar Hukuma

Ra'ayi na biyu wanda aka san Aminu Waziri da shi shi ne cewa gwamnatin tarayya ta tara iko da dukiya fiye da kima. A tsarin rabon arzikin ƙasa, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Sa'ad da ya ke shugaban gwamnonin PDP, ƙungiyar ta sha kira a sake wannan rabo a ƙara wa jihohi da ƙananan hukumomi, a kuma sakar wa jihohi waɗansu ayyuka har da na 'yan sanda. Wannan ra'ayi yana da hujja, gama mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, kuma Abuja ta yi nisa da Kebbe.

Amma akwai tambayar da ke biye: in kuɗin ya baro Abuja ya sauka Sakkwato, zai ƙarasa Kebbe? Tsarin mulkin 1999 ya kafa asusun haɗin gwiwa, inda kason ƙananan hukumomi ke fara biyowa ta hannun jiha. A Nuwamba 2012 Majalisar Wakilai ta Aminu Waziri ta yi abin da ba a saba gani ba, ta kira taron jin ra'ayin jama'a a mazaɓu 360 a rana ɗaya a kan gyaran tsarin mulki, jama'a kuwa suka nuna suna son a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu a hannunsu. Majalisar ta amince, amma majalisun jihohi ba su ba da goyon bayan da a ke bukata ba, maganar ta mutu. A 2019 hukumar tarayya mai sa ido a kan zirga-zirgar kuɗi ta fito da ƙa'idodi na hana jihohi taɓa kuɗin ƙananan hukumomi, sai ƙungiyar gwamnonin Nijeriya, wadda a lokacin Aminu Waziri ne mataimakin shugabanta, ta kai ƙara kotu tana cewa ƙa'idodin sun saɓa wa tsarin mulki. Ga mutum ɗaya a ɓangare biyu na magana ɗaya, abin da ya sauya kurum kujera ce. Ba shi kaɗai ke da wannan hali ba, kusan duk wanda ya tashi daga majalisa ya zama gwamna haka ya kan yi, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya.

Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi ba. Har zuwa ƙarshen 2025 dai ana ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin a jihohi da yawa. Wannan magana ta fi kowace muhimmanci ga talaka, ga dalili. A watannin farko na 2023 abin da a ke rabawa tsakanin gwamnatoci uku a wata bai kan kai naira tiriliyan 1 ba, a 2025 kuwa akwai watannin da ya haura tiriliyan 2. Kuɗin nan da ya ƙaru, daga aljihun mai sayen fetur ya fito. Ko da an cire abin da faɗuwar naira ta cinye, hakkin mutumin Jabo ne da na Sanyinna da na Kuchi su san nawa ne ya shigo da sunan ƙaramar hukumarsu kowane wata, da abin da aka yi da shi. A zamanin En'e, duk da laifuffukanta, a kan buga kasafin baitulmali a san abin da aka ware wa makaranta da asibiti da rijiya. Abin kunya ne a ce jikokin waɗancan mutane, da ilminsu da wayar hannunsu, ba su san lissafin garinsu ba.

Ilmi Da Talauci

Da ya hau gwamna, Aminu Waziri ya ce ilmi shi ne tushen arziki, kuma ba a fita daga talauci sai ta ƙofar makaranta. A ƙarshen 2015 ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi, a kasafin 2016 ilmi ya sami kaso mafi girma, aka kuma kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar domin sarakuna su sa hannu wajen kai yara makaranta. An gina babbar sakandare a Balle ta ƙaramar hukumar Gudu, wadda kafin nan ba ta da irinta. Wannan aiki ne da ba a musunsa, kuma wanda ya yi shi ya cancanci a faɗa.

Duk da haka, a Nuwamba 2022, saura 'yan watanni ya sauka, hukumar ƙididdiga ta fitar da binciken talauci mai duba ilmi da lafiya da ruwan sha da muhalli da aikin yi. Ta sami mutum miliyan 133 a Nijeriya cikin wannan hali, watau kashi 63 cikin ɗari, Sakkwato kuwa ita ce a gaba da kashi 91. A binciken 2019 mai auna abin da mutum ke kashewa, nan ma Sakkwato ce ta fi, da kashi 87 da ɗoriya. Adalci ya sa a ce ba a zamaninsa ciwon ya fara ba, gama tun a lissafin 2010 jihar ke riƙe da wannan matsayi, kuma gwamnonin da suka gabace shi, Attahiru Bafarawa da Aliyu Magatakarda Wamakko, kowa ya tarar da shi ya bar shi. Amma adalci ya kuma sa a ce shekara takwas ba kwana takwas ba ne. Darasin da ke ciki shi ne, yawan abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, abin da ya zama malami a cikin aji kuma daban. Uban da ba shi da abin da zai ba yaro ya karya kumallo, gona ko kiwo zai tura shi, ko da an gina masa makaranta a ƙofar gida. Saboda haka maganar ilmi da maganar rumbu tafiyarsu ɗaya.

A kan haraji kuma, sa'ad da Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin gyaran haraji a ƙarshen 2024, gwamnonin Arewa suka nuna rashin yarda da yadda za a raba harajin kayan masarufi, domin suna ganin Legas za ta kwashe mafi yawa. Aminu Waziri, yana Sanata, ya ce lokacin bai dace da ƙara wa jama'a wani haraji ba alhali suna fama da raɗaɗin janye tallafi da faɗuwar naira. An yi ta ja-in-ja har aka gyara ƙudurorin, aka bar harajin a kashi 7.5 yadda ya ke, aka sa musu hannu a Yuni 2025. A nan ra'ayinsa ya yi daidai da na mafi yawan mutanensa. Sai dai harajin da ya fi damun mai kai albasa kasuwa ba wanda a ke muhawara a kansa a Abuja ba ne. Shi ne na shingayen hanya, da rasit iri-iri da a ke yanka masa a tasha da bakin kasuwa, waɗanda ba ya ganin abin da aka yi masa da su. Wannan kuwa a hannun jiha da ƙaramar hukuma ya ke.

Zaman Lafiya

Duk abin da muka faɗa a sama yana bayan wannan. A shekarun baya, in ana maganar 'yan bindiga a Jihar Sakkwato, gabas a ke nufi, watau Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo. Sannu a hankali masifar ta gangaro kudu ta dazuzzukan da suka haɗa Tureta da Shagari da Kebbe da ƙasar Zamfara. A 2025 an yi ta samun labarin ƙauyukan Kebbe da mutanensu suka watse, da shanun da aka kora, da mutanen da aka kama sai an biya fansa. A Nuwamba 2024 kuma rundunar tsaro ta ƙasa ta ba da sanarwar ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, a farkon 2025 kotu ta ayyana su 'yan ta'adda. A daren 25 ga Disamba 2025 Amurka ta kai hari da makamai masu linzami a Jihar Sakkwato da yardar gwamnatin Nijeriya, aka ce dajin Tangaza aka nufa, amma ɓaraguzai suka faɗo a Jabo cikin ƙasar Tambuwal. Ba a rasa rai ba, sai dai garin da ya kwana cikin firgita ya wayi gari sunansa na yawo a gidajen rediyon duniya a kan abin da bai sani ba.

Rashin zaman lafiya shi ne haraji mafi nauyi a kan talaka. Gonar da ke nesa da gari an bar ta, saniyar noma an sayar an biya fansa, ɗan kasuwa ya daina shiga ƙauye sayen hatsi sai a farashin da ya ga dama, malamin makaranta da ma'aikacin asibiti sun nemi a sauya musu wurin aiki. Ra'ayin kafa 'yan sandan jiha, wanda Aminu Waziri da gwamnoni da yawa suka goyi baya, yana da amfani domin ɗan gari ya san daji ya san baƙo. Gwamna Ahmed Aliyu ma ya kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha domin ta taimaka wa jami'an tarayya. Amma tsofaffinmu ba su manta da 'yan dokan En'e ba, da yadda aka yi amfani da su a kan 'yan hamayya a zamanin siyasar farko. Mai kawo wannan ra'ayi sai ya faɗi wanda zai biya albashinsu, da wanda zai hukunta su in sun yi zalunci, da abin da zai hana gwamna ya mai da su sandar dukan abokan adawarsa.

Ma'aunin Magabata

Mutanen wannan ƙasa ba su bukatar a aro musu ma'aunin shugabanci daga waje. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa cikin wajiban shugaba cewa ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da sauransu, ya zaunar da su a garuruwa gwargwadon bukata, ya gyara kasuwanni da hanyoyi, ya sa a tanadi abinci. Shehu Usmanu kuma a Kitabul Farƙi ya soki sarakunan da ke ɗora wa talakawa kuɗaɗen da ba su da asali, da masu ƙwace a kasuwa. Shekara 200 ke nan da suka wuce, amma in ka karanta wa manomin Kebbe wannan lissafi yau, zai ce bukatunsa ne aka rubuta.

To, ga abin da mu ke ba jama'a shawara su tambayi duk wanda ya zo neman kujerar Kebbe da Tambuwal, ko ta Sanata, ko wace jam'iyya ya fito. Na farko, ya san aikin kujerar da ya ke nema? Ɗan majalisa ba ya gina hanya da hannunsa. Aikinsa yin doka ne, da duba kasafi, da bin diddigin ma'aikatu, da kai kukan mazaɓarsa. In ya yi alkawarin abin da ke hannun gwamna, ko bai sani ba ne, ko yana ruɗin jama'a. Na biyu, ayyukan mazaɓa da a ke sa wa a kasafin tarayya da sunansa, zai yarda ya karanta jerinsu a gaban jama'a kowace shekara, da kuɗin kowanne da inda aka yi shi? Tun 2019 hukumar ICPC ke bin sawun irin waɗannan ayyuka a ƙasa, ta kuwa sha gano waɗanda aka biya kuɗinsu ba a yi ba. Na uku, ina ya tsaya a kan kuɗin ƙaramar hukuma, kuma zai tsaya a nan ko da gwamna ɗan jam'iyyarsa ne? Na huɗu, wace dabara gare shi ta rage wa manomin rani kuɗin ban ruwa da na taki, da samar da rumbun ajiyar albasa domin kada ta ruɓe ko a sayar da ita a wulaƙance lokacin kaka? Na biyar, ambaliyar da ta ci Gummi a Agusta 2024 gulbi ɗaya ne da wanda ya ratsa ƙasar Kebbe, me ya tanada a kan wannan? Na shida, waɗanda suka bar ƙauyukansu suna zaune a makarantu da gidajen dangi, ya je ya gan su kafin lokacin zaɓe?

Sa'an nan mu ma masu ƙuri'a akwai namu. Zaɓen da aka raba da ƙuri'a 342 a jiha guda ya isa ya nuna cewa ƙuri'ar ƙauye ɗaya tana iya naɗa gwamna. Wanda ya karɓi taliya da sabulu da 'yan kuɗi ranar zaɓe ya sayar da bakinsa na shekara huɗu, ba ya da ta cewa in taki ya gagare shi. Alkawari kaya ne, amma sai an riƙe wa mai shi lissafi. Muna roƙon malamai da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma da na matasa a Tambuwal da Kebbe su rubuta abin da kowane ɗan takara ya faɗa, da ranar da ya faɗa, da wurin, su ajiye. In ya ci ya komo neman ta biyu, sai a ɗauko takardar a karanta masa a gaban jama'a.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa mu da shugabanni masu tausayin talakawa.